Lambar da Mai Rediyo Ya Goge da Hannunsa

Har yau Mai Rediyo ake ce masa, ko da yake rabon da wani ya shigo shagonsa da rediyo a hammata an fi shekara goma. Abin da ke riƙe da shagon wani ɗan akwati ne da shi da kansa ya ƙirƙiro, girmansa bai fi tafin hannu ba. Masu kiwon kaji ke saye su liƙa a jikin na'urar ƙyanƙyashe ƙwai. In ɗumi ya ragu akwatin ya kunna hita, in ya yi yawa ya kashe, in aka ɗauke wuta ya yi ta tsala ihu har sai wani ya zo. Shekara ashirin da shida yana haɗa shi da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kowanne kwana uku, kuma ba a taɓa dawo masa da dafaffen ƙwai an ce ga aikinka ba.

Mutumin kirki ne, kar a ce na ɓata shi. Zai gyara maka fanka ya ce ka je kawai. Amma ka kuskura ka tambaye shi abin da ke cikin akwatin nan, nan take zai ɗaure fuska ya hau tambayarka wa ya aiko ka. A cikin akwatin akwai allon da ake dasa kayan lantarki a kai, a kan allon akwai aisi, wato ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu jere hagu da dama, wanda shi ne ƙwaƙwalwar na'urar. Kowane aisi da lambarsa rubuce a gadon bayansa, da ita ake gane shi, da ita ake sayensa. To Mai Rediyo samfefa yake sawa ya goge lambar tas kafin ya dasa shi a allo, don kar wani ya buɗe ya kwaikwaya. Ba shi kaɗai ke yin haka a sana'ar ba, sai dai shi ya kai abin inda ba a kai shi.

Dalilin kuwa yana tsallaken titi, a wani shago mai koriyar ƙofa. Gajere ake ce wa mai shagon. Shekara tara suka yi a benci ɗaya da Mai Rediyo, suna karɓa-karɓar ƙarfen narka dalma ɗaya, Gajere na ce masa Yaya, kafin ya buɗe nasa wurin. Wata rana, yau shekara goma sha ɗaya ke nan, Mai Rediyo ya ga akwati irin nasa sak a hannun wani mai kaji. Ya tambaya, aka ce a wurin Gajere aka saya. Tun daga ranar ko gaisuwa. In Gajere ya ɗago hannu daga tsallake, sai Mai Rediyo ya tuna yana da abin dubawa a ƙarƙashin tebur.

A makon ne kuma ya shiga kasuwar kayan lantarki ya sayo aisi ɗari biyar a tashi ɗaya, ya kulle kansa kwana biyu ya goge su kaf, ya ƙona takardar sayen, ya juye su a gwangwanin madara. Ko ɓarawo ya fasa shagon, in ji shi, baƙaƙen ƙwari kawai zai tarar. Lambar kuwa bai rubuta ta ko'ina ba, tun da takarda ana iya sace ta. Ya ce tana nan a cikin kansa.

Wata Litinin Mai Kaji ta tsayar da motarta a ƙofar shagon. Mace ce mai jiki da murya, ita ke da gidan kaji mafi girma a bayan gari, kuma ba ta san doguwar gaisuwa ba.

"Baba, arba'in nake so," ta ce. "Mun faɗaɗa. Nan da sati shida."

"Arba'in? Hajiya, ai kwana uku nake yi a kan guda ɗaya."

"To ka faɗa mini yanzu in ba zai yiwu ba, ba abin faɗa ba ne. Ga Gajere can, taku ashirin ne."

Da cewa ta yi za ta sayo na waje, da ya yi mata fatan alheri ya raka ta mota. Amma Gajere! Bai san lokacin da bakinsa ya ce zai yiwu ba. Bayan ta tafi ya zauna yana kallon hannayensa, waɗanda tun bara suka fara rawa in ya riƙe dalma. Ya san in Mai Kaji ta tsallaka titin nan, sauran masu kaji bin ta za su yi, kuma daga ranar akwatin ya tashi daga na Mai Rediyo ya koma na Gajere a bakin kowa. Wannan tunanin ne ya hana shi taɓa abincin rana.

Auta ce ta kawo mafita. Ita ce 'yarsa ta ƙarshe, uwar yara uku, tana aiki a ofishin masu zanen gine-gine, kuma ita kaɗai a duniya ke iya ce masa "Baba, ba haka ba ne" ta kwana lafiya. Ranar Asabar ta zo da kwamfutarta ta ture kwalayen rasista, 'yan ƙananan abubuwan nan masu rage ƙarfin wuta, gefe ta ɗora ta a tebur. Ta ce akwai manhaja ta zanen allo. Maimakon ya riƙa jan waya ɗaya-ɗaya da hannu, sai a zana na'urar sau ɗaya a kwamfuta, a tura wa masana'anta, su bugo allo arba'in da hanyoyin wuta a shimfiɗe. Shi nasa kawai ya dasa kaya ya ɗiga dalma, awa biyu ya gama guda.

"Nawa ake sayar da ita, manhajar?" ya tambaya.

"Kyauta ce, Baba."

Ya cire tabarau. "Kyauta. Wa ya mutu ya bar ta?"

"Ba wanda ya mutu. Mutane ne da yawa a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka yi ta, suka ce kowa ya ɗauka. Har cikinta a buɗe yake, in kana so ka duba yadda aka haɗa ta, ka gyara, ka ƙara naka."

"Su nuna wa kowa cikinta?"

"Kowa."

"Ba su goge komai ba?"

"Ko ɗigo."

"To Allah ya ba su lafiya," ya ce, da irin muryar da ake yi wa mai taɓin hankali addu'a.

Ya yarda, amma da sharaɗi. Aka juya kwamfutar ta ba ƙofa baya. Aka rataya tsohon buhu a taga mai kallon shagon Gajere. Ya liƙe idon kyamarar kwamfutar da baƙin salatef har ninki uku. Sannan ya ce bismillah.

Abin mamaki, aikin ya shiga ransa. Da farko maus ɗin, abin da ake jan kibiyar kwamfuta da shi, ya riƙe kamar ƙarfen dalma, a tsaye, yana jiran ya yi zafi. Amma kafin Auta ta cinye hutun sati guda da ta ɗauka, shi ke jawo rasista ya ajiye, ya ja layi daga ƙafa zuwa ƙafa, yana ƙunƙuni. Akwai wani maɓalli da in an danna manhajar take bin zanen ta lissafo kurakurai, kuma da shi suka fi samun saɓani.

"Ta ce ƙafa ta tara ba ka haɗa ta da komai ba," in ji Auta.

"Na san da ita. Ce mata na san da ita tun ba a haifi wanda ya yi ta ba."

"Ta ce kuma nan ka haɗa wayar wuta da ta ƙasa kai tsaye, ƙonewa zai yi."

Ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. "Wannan hannuna ne ya zame. Amma ba sai ta rubuta da ja ba."

Malama ya raɗa wa manhajar. Da safe in an kunna sai ya ce, "Malama, an tashi lafiya? Yau kuma me muka yi?" A ransa yana jin daɗin samun wanda zai duba aikinsa, abin da bai bari wani ɗan Adam ya yi ba tun da ya fara.

Ranar Alhamis suka zo wurin da dole kowane abu a zanen a ba shi sunansa na gaskiya, don a san girman ƙafafunsa, a kuma sayo shi. Auta ta bi su ɗaya-ɗaya yana faɗa tana rubutawa, har ta iso tsakiyar zanen.

"Saura aisin, Baba. Mece ce lambarsa?"

Mai Rediyo ya tashi ya leƙa waje, ya tura ƙofa, ya gyara buhun taga. Ya dawo ya ce ta kawo kunnenta. Ta kawo. Ya buɗe baki.

"Baba, ina ji."

"Ki bari, tana zuwa."

Auta ta ci gaba da riƙe kunne a bakinsa har wuyanta ya fara ciwo.

"Akwai bakwai a ciki," ya ce a hankali. "Ko huɗu. Haruffa ne a farko. Ko a ƙarshe."

Shekara goma sha ɗaya bai furta lambar nan ba, bai rubuta ta ba, bai gan ta ba. Hannu kawai yake sawa a gwangwani ya ɗauko. Ya ɓoye ta ga duniya da kyau, har ta ɓace masa shi ma. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya jawo gwangwanin ya juye a tebur. Guda huɗu suka faɗo.

Ba irin dabarar da ba su yi ba. Ya ɗauko madubin ƙara girma. Ya shafa yawu. Ya shafa man keken ɗinki. Auta ta haska fitilar waya a karkace, ta ɗora takarda ta goga fensir. Bayan aisin nan sumul yake, ko alamar harafi babu.

"Gaskiya, Baba, ka iya guga," in ji Auta.

"Ke, ba na son iya shege."

Kar wani ya ce ai mai sana'a zai gane aisi daga aikinsa. Mai Rediyo bai yi makarantar abin ba. Aisin farko a cikin wata matacciyar na'ura ya ciro shi, ya yi wata biyu yana gwada ƙafafunsa da mitar auna wuta har ya yi abin da yake so. Ya san wace ƙafa ke son wuta, wacce ke jin zafi, wacce in an taɓa take fushi. Abin da littafi ke kiransa ne bai taɓa damunsa ba.

Washegari ya tafi kasuwa wurin wanda ya sayar masa. Aka ce ai tsohon ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ɗansa ke zaune a rumfar. Ɗan ya juya aisin a tafin hannu ya dube shi.

"Baba, baƙi mai ƙafa goma sha huɗu ai sun fi kala ɗari. Kamar ka zo tasha ne ka ce kana neman wani mutum mai riga. Wane mugun ne ya goge maka shi haka?"

"Wani ne," in ji Mai Rediyo, ya karɓe abinsa.

Sati biyu suka tafi a haka. Mai Kaji ta bugo waya ta ce tana wucewa ta ga taga a rufe da buhu, ko lafiya? Ya ce aiki ne ya yi yawa. Ta ce madalla, saura sati huɗu.

Auta ta ce abu ɗaya ya rage. Masu amfani da manhajar suna da dandali a intanet, inda kowa ke kawo matsalarsa a taru a duba. In aka sa zanen, wani zai gane aisin daga yadda aka haɗa ƙafafunsa.

"A sa zanena? A bainar jama'a?"

"To ya za su gane in ba su gani ba?"

Aka yi ta ja-in-ja har ya amince a sa hoton allon, amma da babban yatsansa a kan tsakiya. Auta ta sa. Kafin la'asar amsoshi suka fara shigowa, tana karantawa tana fassara masa. Na farko ya yi musu barka da zuwa, ya roƙi a nuna zanen gaba ɗaya. Na biyu ya ce in ba damuwa a ɗage yatsan. Na uku ya ce shi dai a iya abin da yake gani, yatsan lafiyarsa ƙalau, sai dai a yanke farce.

"Ka ji 'yan banza," in ji Mai Rediyo. "Nuna musu ƙafa uku. Uku kawai."

Aka nuna ƙafa uku. Wani ya tambaya ko wasan kacici-kacici ake yi, in haka ne mece ce kyautar wanda ya ci. Aka ƙara ƙafa biyu, Mai Rediyo na nishi kamar ana cire masa haƙori. Daga nan wata mata ta rubuto. Auta ta karanta a zuci.

"Me ta ce?"

"Ta ce wannan ai ya yi kama da na'urar ƙwan nan da ke dandalin tun shekara shida. Ta ce ita ma ta haɗa guda biyu. Ga inda za a duba."

Auta ta danna. Zane ya buɗe ya cika fuskar kwamfutar. Mai Rediyo bai buƙaci tabarau ba. Akwatinsa ne, tsirara, an baje shi ƙafa da ƙafa, an zana shi da Malamar nan tasa da yake gaisarwa kowace safiya. A gefe ga ɗan hoton wanda ya sa zanen. Ba fuska ba ce, hoton ƙofar shago ce, koriya.

"Baba!" Auta ta kai yatsa kan allon kwamfutar. "Ga lambar nan a rubuce! Ga ta nan, haruffa—"

"Kar ki karanta!" Ya rufe idanunsa da hannu ɗaya, ya toshe kunne da ɗayan. "Kayan sata ne. Ba zan karɓi kayan sata ba."

"Baba, kai aka sata."

"Duk da haka!"

Ya lalubi takalmansa ido a rufe, ya sa su a juye, ya fita. Taku ashirin Mai Kaji ta ce, amma shi a sha biyu ya yi su, Auta na biye da shi da kwamfuta a buɗe. Gajere na zaune yana gyaran wata tukunyar lantarki. Ya yi furfura shi ma, ya ƙara tumbi. Da ya ɗago ya ga wanda ke tsaye a ƙofarsa, sukudireba ta faɗi daga hannunsa.

"Yaya?"

"Ni ba yayan ɓarawo ba ne. Bai ishe ka ka sayar ba, sai da ka tallata ni a duniya?"

"Yaya, zauna."

"Ba zama na zo yi ba."

Amma numfashi ya ƙi, dole ya zauna a bakin benci, can ƙarshe, don a san ba da son ransa ba ne. Gajere ya goge hannu da tsumma. Ya ce ko Yaya ya tuna shekarar da aka kwantar da shi asibiti wata biyu? A lokacin akwatin wani mai kaji ya mutu da ƙwai ɗari uku a ciki, mutumin ya zo nan yana kuka. Gajere ya buɗe ya tarar da aisi a goge. Ƙwan suka lalace yana kallo. Abin ya tsaya masa a rai, ya yi wata huɗu yana bin ƙafafun aisin da mita har ya gano ko wane ne.

"Shekara tara muna benci ɗaya, a gida kake gogewa ka zo da su a aljihu," in ji Gajere. "Da ka faɗa mini, da minti goma ya ishe ni. Na sayar, ban musa ba, ina da iyali. Na zo in yi maka bayani sau uku kana shigewa ƙarƙashin tebur. Da na koyi manhajar nan sai na zana shi na sa, don masu kaji ba a garin nan kaɗai suke ba. Auta, nuna masa kusurwar ƙasa."

A kusurwar kowane zane akwai ɗan gida da ake rubuta sunan mai aikin. Auta ta ƙara girmansa ta karanta a fili. An rubuta cewa wannan na'ura ƙirƙirar Yayana ce, Mai Rediyo na tsallaken titi, ni zanawa kawai na yi. A ƙasa kuma ga jerin saƙonni sun fi ɗari biyu, da hotuna. Wani ya haɗa ta a cikin tsohon firji, wani a kwali, wata a akwatin katako mai fenti. Kusan kowa ya sa hoton 'yan tsaki, kuma da yawa sun ce a gaida Dattijo.

Mai Rediyo ya bi hotunan da kallo. Ya zo da faɗan shekara goma sha ɗaya a cikinsa, ya rasa inda zai sauke shi. Kunya ta kama shi, da wani daɗi da bai so a gani a fuskarsa ba. Ya kafa ido a kan zanen don kar ya dubi kowa, yana kauce wa tsakiya. Can sai ya tsuke gira.

"Wannan fa? Me rasistan nan yake yi a nan?"

Gajere ya matso da sauri. "Yawwa! Wallahi Yaya, abin da nake son tambayarka ke nan tun shekara goma sha ɗaya. Yana cikin naka, shi ya sa na sa. Na auna, na lissafa, ban gane aikinsa ba. A dandalin nan har suna suka ba shi, rasistan Dattijo. An yi musu a kansa ya fi shafi ashirin. Wani malamin jami'a ya rubuta dogon bayani cewa shi ke hana na'urar firgita in wuta ta dawo da ƙarfi."

"Mu a namu zanen ai babu shi, Baba," in ji Auta.

Mai Rediyo ya sosa ƙeya. Ya dubi rufi.

"Ba ya komai," ya ce.

"Kamar ya?"

"Ba ya komai. Na sa shi ne don in ɓarawo ya buɗe ya ruɗe."

Gajere ya buɗe baki ya kasa rufewa. Ya nuna wata kwalba a kan kanta, cike da irin rasistan, ya nuna Mai Rediyo, ya sake nuna kwalbar. "Guda ɗari shida na dasa, Yaya. Da hannuna. Har in ya ƙare nakan hana mutum kayansa sai na samo."

Auta ce ta fara fashewa, ta zauna a kan kwali tana riƙe ciki. Gajere ya bi, har da hawaye. Mai Rediyo ya yi ƙoƙari ya riƙe fuska, amma kafaɗunsa suka tona shi. Da dariyar ta lafa, Mai Rediyo ya san saura abu ɗaya, kuma babu wanda zai yi masa shi. Ya dubi hannayensa.

"Gajere."

"Na'am, Yaya."

"Aisin nan. Na manta lambarsa. Faɗa mini."

Gajere bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya faɗi haruffa biyu da lamba uku, a hankali. Babu bakwai a ciki.

"Ita ce," in ji Mai Rediyo. "Wallahi ita ce."

"A ƙofar kasuwa a faranti ake zuba shi, Yaya. Ba aisin da ya kai shi araha. Ina da sittin a nan, ka ɗauka. In allunan sun iso kuma ka turo mini rabi in taya ka dasawa, hannu huɗu ya fi sauri. Akwatinka ne, ni ɗan taya aiki ne."

A ranar Auta ta rubuta lambar a zanen, Malama ta duba ba ta sami abin yin ja ba, aka tura wa masana'anta. Aka ce kwana goma sha biyu alluna za su iso, wanda ya bar musu lokaci har da saura. Sai Gajere ya ce ya kamata a gaya wa mutanen dandali su daina wahalar da kansu da rasistan nan.

"To rubuta musu," in ji Mai Rediyo.

"A'a, Yaya. Naka ne, kai za ka faɗa."

Auta ta buɗe masa suna a dandalin. Ya ƙi yarda a sa Mai Rediyo, wai kar a san shi, sai aka sa masa Baƙo. Tana faɗa masa haruffa yana dannawa da yatsa ɗaya, layi biyu suka ci kusan rabin awa. Ya rubuta cewa rasistan nan ba ya aikin komai, kowa ya cire. Wannan ne sirri na farko da ya taɓa bayarwa a rayuwarsa, kuma da ya danna aikawa sai da ya share gumi.

Ba a yi minti goma ba amsa ta shigo. Auta ta karanta, ta cije leɓe.

"Malamin jami'ar ne, Baba. Ya ce sannu da zuwa, Baƙo. Ya ce da alama kai sabo ne a harkar. Ya ce Dattijon da ya ƙirƙiro na'urar nan ba ya sa abu a banza, kuma kafin mutum ya gyara aikin manya ya kamata ya fara fahimtarsa."

Wata amsar ta biyo, da wata. Duk bayan Dattijo suke. Matar nan mai na'ura biyu ta ce ita ko za a yanka ta ba za ta cire ba.

Gajere ya jawo kwamfutar. "Bari in gaya musu ko da wa suke magana."

Mai Rediyo ya dafe masa hannu. Idanunsa sun ciko, bai kuma ɓoye ba. Shekara ashirin da shida yana gadin akwatin nan shi kaɗai, yau ga mutanen da bai taɓa gani ba sun tsaya masa, har sun hana shi kansa taɓa shi.

"Ƙyale su," ya ce. "Auta, rubuta wa malamin. Ce masa Baƙo ya gode, ya kuma ji gyara."